Tsibirin da Aka Hana Mutuwa Shiga

A tekun ƙasar Girka akwai wasu tsibirai biyu da ke kallon juna kamar maƙwabtan da katanga ta shiga tsakaninsu. Ɗaya sunansa Mikonos, garin fararen gidaje da kiɗa, inda iska ba ta hutawa. Ɗayan sunansa Dilos, ba kowa a cikinsa sai kangaye da gumakan dutse da ƙadangaru. Shekara dubu biyu da ɗoriya ke nan da aka kafa wa Dilos doka: ba a haihuwa a kansa, ba a mutuwa a kansa. Mai naƙuda da mai gargara, duk a kwalekwale ake zuba su a tsallakar zuwa wani tsibiri da ke gefe, mai suna Riniya. Mutanen yanzu sun ɗauka tatsuniya ce ta jawo 'yan yawon buɗe ido. Masu dokar kuwa suna nan daram, ba su janye ta ba.

Ranar wata Talata da rana tsaka, wani Bahaushe ya taka dokar.

Kafin mu je nan, sai an san Sallau. Sallau ɗan daudu ne, ƙawaye na ce masa Sala. A da shi ke da rumfar tuwo a wata tashar mota a Kano, kuma duk wanda ya ɗanɗani miyar kukarsa sai ya manta motarsa ta cika. A nan wani dogon direba marar yawan magana ya fara zuwa cin abinci. Ya zo yau, ya zo gobe, har zuwan ya zama zama. Da gari ya yi wa irinsu zafi, su biyun suka ɗaure kaya, suka bi ta Agadas, suka sha hamada, suka sha teku, ƙafa ta yi ta ja har ta ajiye su a Mikonos.

Garin ya yi suna a duniya da karɓar irinsu. Tutoci masu launin bakan gizo na kaɗawa a ƙofar shaguna, duk shekara jirage na sauke dubban baƙi don bikin kiɗa da rawa, ba mai ɓuya, ba mai waige. Sallau ya samu aikin girki a gidan abincin wasu tsofaffi biyu, Sitamati da Andoni, waɗanda suka shekara arba'in tare. Direba kuma ya koma tuƙin jirgin ruwa, yana kai baƙi Dilos da safe ya dawo da su kafin la'asar.

Maza su riƙe hannun juna a titi bai taɓa ba Sallau mamaki ba, wannan ko a Kano abokai na yi. Abin da ya kasa sabawa da shi shi ne yadda Sitamati ke tsayawa a tsakiyar kasuwa ya ƙwala wa Andoni kira da sunansa gatsal.

"Ni 'yasu!" in ji Sallau, yana tafa hannu. "Baba Sitamati, bakinka ba ya nauyi?"

"To da me zan kira shi? Kai shekara nawa kuke tare da naka?"

"Sha tara."

"Kuma ban taɓa jin sunansa a bakinka ba. Direba, Direba, sai ka ce ɗan kamasho. Faɗa mana sau ɗaya mu ji."

"Allah ya tsari gatari da noma. A wurinmu wanda ya fi kowa a zuciyarka, shi ne ba ka kama sunansa. Kunya ke nan, Baba, ba a sayar da ita a kantinku."

Sunan kuwa kalma ce da ke yawo a bakin kowane Bahaushe safe da yamma. Amma shekara sha tara Sallau na kewaye ta kamar makaho da ya san inda rijiya take.

To, ranar Talatar nan aka kawo Direba a kwance. Baƙin da ya kai suka ce yana zaune a gindin wani ginshiƙi a Dilos yana jiransu, sai ya dafe ƙirji ya kife. A asibiti likitoci suka auna, suka sake aunawa. Zuciya na bugawa can ƙasa ƙasa, ido a buɗe, amma ba motsi, ba magana. Suka ce ranar Juma'a za a ɗauke shi zuwa babban birni.

Kwana biyu Sallau na zaune a gefen gado. Ranar Alhamis da hantsi rana ta shigo ta taga ta haske ɗakin, sai ya ga abin da likitoci ba su gani ba. Gado na da inuwa. Ƙarfen ƙarin ruwa na da inuwa. Ya ɗaga hannun Direba cikin hasken, ya duba bango, wayam.

Sallau ya tashi a gidan uwar ɗaki 'yar bori, ya san wannan ba ciwon allura ba ne. Ya ja mayafi ya rufa wa Direba, ya ce masa a kunne, "Kwanta nan, kada ka je ko'ina." Ya koma gida ya ƙulle garin kuka da daddawa da barkono a ɗankwali, ya soka tsohon ludayinsa na duma a ƙugu, wanda ya taho da shi tun daga Kano, ya nufi bakin ruwa.

Ba jirgin da zai tashi. Iskar arewa ta taso, teku ta yi fari fat da kumfa, masu jirage duk sun ɗaure sun shige shagunan shayi. Ba kowa a gaɓar sai wani tsohon tsuntsun kwasakwasa da ya daɗe yana yawo a garin, baƙi na ɗaukar hotonsa. Sallau ya durƙusa a gabansa, ya gaishe shi gaisuwar da ake yi wa manyan da ba a gani.

"Sannu da hutawa, mai gari. Baƙonka ne, da ƙoƙon bara na zo."

Tsuntsun ya juyo da ido ɗaya. "Shekara da shekaru ana jefa mini kifi," ya ce da Hausa tsantsa, "yau ne aka fara gaishe ni. Tashi, ɗan Adam. Mutuminka ya tashi mutuwa a inda aka hana. Masu Dilos, waɗanda mutanen da suka riƙa yi wa sujada, sun fizge kurwarsa kafin ya ƙazantar musu da ƙasa. Yau rana ta uku ke nan. Rana na faɗuwa za su sa ta a jirgin Riniya, wanda ya sauka can kuwa ya sauka ke nan."

"Rai na Allah ne," in ji Sallau. "In ajali ne na haƙura. In aljanu ne, wallahi sai mun zuba."

"To saurara. Kira ɗaya ake ba mai nema. Da yawa sun je, sun kira, ba wanda aka amsa wa, don suna kamar tufa yake, yawan sawa ke kashe shi. Sau nawa sunan nan ya fita daga bakinka?"

Sallau ya sunkuyar da kai. "Ko sau ɗaya."

Tsuntsun ya buɗe fukafukai ya rufe. "Ashe sabo fil ne! To riƙe shi da kyau. Duk wanda za ka gamu da shi a hanya ya san haka, kuma zai so ka zubar da shi kafin ka isa. Ya fita sau ɗaya, ko da wasa, ko da kuskure, ya ƙare. Je ka bayan gari inda manyan duwatsu suke a tule, ka ƙwanƙwasa mafi girma."

Duwatsun nan ba duwatsun banza ba ne. A zamanin farko wasu ƙattai sun yi yaƙi da sarakunan sama, aka fi ƙarfinsu, aka danne su da duwatsu, tsibirin ya tsiro a kansu. Sallau ya yi bisimilla ya ƙwanƙwasa da ludayi sau uku. Ƙasa ta girgiza, awaki suka watse, wani tsagi ya buɗe a jikin dutsen, tsawonsa ya kai motar daf. Numfashi mai zafi ya fito. Sannan wani abu da Sallau ya ɗauka tafki ne ya ƙifta, ashe ido ne.

"Wane ne ya tashe ni?" Muryar ta sa tsakuwa gangarowa.

"Mai tuwo ne, ranka ya daɗe. Hanyar Dilos nake nema."

"Hannuna na dama yana miƙe a ƙarƙashin teku, yatsuna na taɓa Dilos. In na ɗaga shi, ka samu gada. Amma da wane ƙarfi? Shekara dubu uku ban sa komai a bakina ba sai ruwan gishiri."

Sallau ya gyara ɗamara. "Ayya, ashe yunwa ce. Ai ka zo gidan sauƙi."

Ya hango wata tsohuwar randa ta mutanen da a gefen dutse, ya kinkimo ta, ya haɗa murhu, ya hura wuta da busassun ƙirare. Ya ɗebo ruwa a rijiyar makiyaya, ya marmasa daddawa, ya watsa barkono, ya kaɗa kuka. Ƙamshi ya tashi, ƙaton ya yi wani nishi da ya sa tsuntsaye barin tsibirin. Sallau ya cika ludayi ya zuba a tsagin.

Sai ga ruwa na kwarara daga tafkin idon nan.

"Wannan wace irin wuta ce mai daɗi?"

"Miyar kuka ce, ranka ya daɗe. Da da man shanu, da sai ka ture dutsen nan."

"Ƙara."

Ya ƙara. Abin mamaki, ludayin na shiga randa yana fitowa a cike, randar kuma ba ta raguwa sai kaɗan kaɗan. Ƙaton ya ce, "Ga sharaɗina. Ka bar mini ludayin nan, shi zai ci gaba da ba ni da kansa. Muddin akwai miya, hannuna na sama. Ta ƙare, ya nutse."

Sallau ya dubi ludayin. Na uwar ɗakinsa ne, shi kaɗai ya rage masa daga gida. Ya shafa shi sau ɗaya ya ajiye a bakin randa.

"Madalla," in ji ƙaton. "Yanzu gaya mini sunan wanda ake wannan wahala dominsa, in sa masa albarka."

"Sa wa Direba, za ta same shi."

Ƙaton ya yi dariya har wani dutse ya tsage. "An gargaɗe ka ashe. Wuce."

Teku ta dare. Wani abu baƙi ƙirin ya taso daga ƙarƙashinta, gansakuka da kaguwa na zuba daga jikinsa, faɗinsa bai wuce tabarma biyu ba, tsawonsa har inda ido ya ƙare. Sallau ya cire takalmi ya hau.

Santsi kamar an shafa karkashi. Igiyar ruwa na dukansa dama da hagu. Ya yi nisa, ya bar ganin Mikonos bai fara ganin Dilos ba, sai iska ta dunƙule a gabansa ta zama mace doguwa, gashinta na kaɗawa har cikin gajimare.

"Ya kai mai tafiya a kan abin da ba hanya ba," ta ce, "ni ce Iskar Arewa. Ba za ka kai ba, miyarka ta kusa rabi. Ba ni sunan, in kai masa kiranka kafin ka ƙifta ido."

"Uwargida, a gafarce ni," in ji Sallau, yana daɗa kafa yatsu. "Wa ya taɓa ba iska ajiya ya dawo ya tarar?"

"Ni kake wa baƙar magana? Ni da na kifar da jiragen sarakuna!"

"Ahayye! Jiragen sarakuna ai katako ne. Ni na yi shekara goma ina sayar da tuwo a tasha, 'yan kamasho ba su kifar da ni ba, sai ke? Matsa mini, 'yar uwa, rana na tafiya."

Ta yi kururuwa ta fizge ɗankwalinsa, ta ɗaga Sallau ta maka shi da ƙasa. Ƙafafunsa suka zame cikin ruwa, ya cafki wani gashin hannun ƙaton mai kaurin igiyar guga, ya rataye. Ruwan gishiri ya cika masa baki. A nan ne sunan ya taso masa har maƙogwaro, don wanda ke nutsewa nasa yake kira. Ya datse haƙora a kan harshensa har ya ji ɗanɗanon jini. Ya ja jiki ya hau, ya ci gaba da rarrafe da gwiwa da hannu. Iska ta yi ta bugu har ta gaji, ta koma tsaki.

Yana taka yashin Dilos, hannun ƙaton ya nutse a bayansa. Miya ta ƙare.

Ya ɗaga kai, sai ya ga ba kangaye. Birni ne tsaye cik, ginshiƙan farin dutse, rufin zinariya, kasuwa cike da mutanen da ƙafarsu ba ta taɓa ƙasa. Ba wanda ya kalle shi. Ya bi wata shimfiɗaɗɗiyar hanya har ta kai shi gaban zakokin dutse guda tara, duk mata, a jere. Rana ta riga ta karkata.

Ta tsakiyar ta yi hamma, ƙurar dutse ta zubo daga bakinta.

"Ya kai baƙo, mu ne masu tsaron tafki. Ba ma cin mai hikima. Za mu jarraba ka da maganar kakanninka, ka amsa da sauri. In ka yi jinkiri, mun ci. In ka kasa, mun ci."

"Bisimilla," in ji Sallau.

"Komai nisan jifa?"

"Ƙasa zai faɗo."

Ta biyu ta karɓa. "Maganin zaman duniya?"

"Haƙuri."

Ta uku. "Abin da babba ya hango?"

"Yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba."

Suka yi ta jefowa yana cafewa, da sauri da sauri, har bakinsa ya saki, ya fara jin daɗin wasan. Sai ta takwas ta jefo a sanyaye, kamar ba komai. "Mene ne na kwaɗo da ba ya hawa sama?"

Leɓɓansa suka buɗe. Harshensa ya riga ya naɗe zai buga harafin farko, ciwon cizon ɗazu ya tsikare shi. Ashe nan aka nufa tun farko.

"Nasibin kwaɗo," ya ce.

Zakokin suka yi gurnani gaba ɗaya. "Ba haka kakanninka suka faɗa ba!"

"Haka nake faɗa shekara sha tara, kuma kwaɗo bai taɓa kawo ƙara ba. Ma'ana ta ɓace ne?"

Ta tara ta sauko daga kan dakalinta, ta kawo hancinta dab da fuskarsa. "Saura ɗaya. Mai mene ne ba ya jin bari, sai ya sha duka?"

Sallau ya kalle ta ido cikin ido. "Mai kunnen ƙashi, ranki ya daɗe. Irina."

Ta ja da baya. Sannan ta koma mazauninta, ta daskare. Sauran ma suka daskare, hanya ta buɗe.

Bayan zakokin akwai wani tafki kewayayye, da bishiyar dabino guda ɗaya a tsakiyarsa. A gindinta aka haifi tagwayen da ke mulkin tsibirin, na miji mai rana, ta mace mai wata, kuma su ne haihuwar ƙarshe da aka yarda da ita a wurin. Ta macen ce zaune a gindin dabinon, baka da kibiya a cinyarta, fuskarta fara sol ba alamar dariya. Daga tafkin wata mashigar ruwa ta miƙe zuwa teku. A bakinta ga wani dogon jirgi baƙi, cike maƙil da inuwoyi, ba fuska, ba murya, duk iri ɗaya. Matuƙin ya riga ya kama igiya.

Sallau ya zube ya kwashi gaisuwa. "Allah ya ja zamanin uwar ɗakin tsibiri. Na zo biko."

"Ya kai ɗan ƙasar rairayi," ta ce, "mutuminka ya zo zai mutu a ɗakin haihuwata. Wa ya ba shi izini?"

"Ranki ya daɗe, ciwo ba ya sallama. Da ya san zai faɗi, da ya faɗi a gabana."

"Doka ba ta san wannan ba. Amma doka ta ba mai nema kira ɗaya. Sai dai ba kowa ke nema ba. Uba na neman ɗa, mata na neman miji, ɗan'uwa na neman ɗan'uwa. Kai mene ne naka a jirgin nan? Faɗa da ƙarfi, tsibiri ya shaida."

Nan take mutanen kasuwar nan suka kewaye tafkin, dubbai, duk sun zuba masa ido. Wannan tambayar Sallau ya yi rayuwarsa yana zille mata. A Kano ya ce maigidansa ne na sana'a. A kan iyaka ya ce yayansa ne. Ko a Mikonos, inda ba mai tuhuma, bai taɓa buɗe baki ya ba abin suna ba.

"Ɗan garinmu ne," ya fara.

Matuƙi ya kwance igiya.

"Abokin tafiyata ne."

Jirgin ya fara ja da baya. Rana ta taɓa ruwa, ta yi ja kamar garwashi.

Sallau ya miƙe tsaye. Ba ɗankwali, ba takalmi, riga a jiƙe, jini a leɓe.

"To ku ji! Shi ne wanda ya ba ni ruwansa a hamada ya ce shi ya sha, alhali ƙarya yake. Shi ne wanda in bai ci ba ba na iya ci. Ba ni da uwa a ƙasar nan, ba ni da uba, ba ni da gari. Shi ne garina. Ina son sa, kuma ban zo in koma ni kaɗai ba!"

Mai wata ta ɗaga yatsa ɗaya. "Tsibiri ya ji. Kira."

Jirgin ya kai bakin teku. Rabin rana ya nutse. Sallau ya buɗe baki, sai ya ji sunan ya ƙi fitowa. Shekara sha tara yana danne shi, ya yi saiwa. Ya runtse ido, ya tuno rumfar tasha, da dogon mutumin nan da ya zauna a benci ya ce a ƙara masa miya. Ya cika ƙirjinsa da iska.

"RABO!"

Sunan ya fita sabo fil, kamar ranar da aka raɗa shi. Ya bugi ginshiƙai ya dawo, ya tsallaka ruwa, har ƙattan da ke ƙarƙashin Mikonos sai da suka motsa. Inuwoyin jirgin ba wadda ta ɗaga kai, sai guda ɗaya, doguwa, can baya. Ta juyo. Ta tsallake gefen jirgin, ta biyo saman ruwa da irin tafiyar nan ta wanda bai taɓa sauri ba a rayuwarsa, ta iso ta kwanta a ƙafafun Sallau, gefen tasa inuwar.

"Ɗauki naka ka bar mini ƙasa," in ji mai wata. "Kuma ka gaya masa, in zai sake faɗuwa, ya nemi wani wuri."

Rana ta nutse. Birnin ya ɗauke kamar an hure fitila, sai kangaye da ƙadangaru. Iska ta kwanta, teku ta yi lumui. Sallau na tsaye yana tunanin yadda zai tsallaka, sai ya ji ƙugin inji. Ƙaramin jirgin kamun kifi ne, Andoni na tuƙi, Sitamati na tsaye a gaba yana ɗaga hannu, ga kwasakwasa zaune a kan rumfa kamar shi ya saye jirgin.

"Tsuntsun nan ne ya hana mu sakat!" Sitamati ya ƙwala. "Ya kama mini wando har bakin ruwa. Kai, ta ina ka zo nan? Ina takalminka?" Sai ya dubi ƙasa inda fitilar jirgi ta haska, ya ga mutum ɗaya da inuwa biyu. Ya yi alamar addininsu a ƙirji, bai ƙara tambaya ba.

Ana kiran sallar isha'i a wayar wani ɗan ci-rani a ƙofar asibiti suka shiga. Sallau ya tsaya a gefen gado. Doguwar inuwar ta zame daga ƙafarsa, ta hau bango, ta kwanta inda ya kamata. Direba ya ja dogon numfashi, ya ƙifta ido, ya juyo da kai a hankali.

"Sala," ya ce da dasasshiyar murya. "Ina cikin wata mota ba direba, ba tasha. Sai na ji an ƙwala mini kira. Muryar kamar taki."

"Mafarki ne," in ji Sallau, yana gyara masa matashi, hawaye na zuba.

"Ba mafarki ba ne. Ashe kin san sunan? Ni na ɗauka tun a Kano ya shige miki."

"Ka ji shi! Daga tashi sai tsokana."

"Sake faɗa in ji."

"Allah ya kiyaye."

Sitamati ya leƙo daga ƙofa. "Ya faɗa? Ya faɗi sunan, ni ban ji ba? Shekara nawa ina roƙo!"

"Baba, ka yi haƙuri, ka tara nan da shekara sha tara."

Direba ya yi murmushi ya kama hannunsa. "To in ba za a faɗa ba, a ba ni tuwo. Yunwa nake ji kamar na shekara dubu. Ina ludayin nan namu?"

Sallau ya share ido da bayan hannu. "Na bayar."

"Ludayin Kano? Me aka ba ki da ya kai shi?"

Sallau ya dubi bango, inda inuwoyi biyu ke zaune kafaɗa da kafaɗa. Ya sunkuyar da kai, ya yi ƙasa da murya yadda ko Sitamati ba zai ji ba.

"Rabona," ya ce.